Bashin Mutum Ɗaya, Lambar Motar Kowa

A biranen Amurka akwai wasu ƙananan motoci da ba sa fita aiki sai dare ya raba. Ba tambarin kamfani a jikinsu, ba jiniya, in ka gan su sai ka ɗauka wani ne ya taso daga aikin dare yana neman wurin fakin. Abin da ya bambanta su da sauran motoci shi ne 'yan akwatunan da aka ɗaure a kan but ko a gefen rufi, wasu na kallon dama, wasu na kallon hagu. Kyamarori ne. Direban zai kutsa farfajiyar gidajen haya, ya bi layin motocin da aka ajiye a hankali, kyamarorin na ɗaukar hoton lambar kowace mota, ko da duhu ne, domin da hasken da idon mutum ba ya gani suke aiki. Kwamfutar da ke gefensa ta karanta lambar, ta liƙa mata rana da lokaci da daidai inda motar take tsaye. In lambar ta dace da wata a jerin motocin da banki ke nema, sai kwamfutar ta yi ƙara. Direba ya kira janwe, kafin gari ya waye an ja motar.

To, sauran motocin da ba su dace da komai ba fa, waɗanda masu su ba wanda ke bin su ko sisi? Ba a goge hotunansu. Ana tura su wani rumbun bayanai na kamfani mai zaman kansa, a ajiye, a tara, a sayar wa mai buƙata. Wannan tarin shi ne damuwata, kuma ina ganin ya fi ƙwace motar kanta nauyi nesa ba kusa ba.

Sai an fahimci yadda bashin mota yake a can kafin a gane dalilin da ya sa sana'ar ta bunƙasa haka. In ka ɗebe 'yan manyan birane irin New York, rayuwa a Amurka ba ta yiwuwa sai da mota. Da ita ake zuwa aiki, da ita ake kai yara makaranta, da ita ake cefane. Mutane da yawa kuwa bashi suke ci su saya, suna biya wata-wata, motar na matsayin jingina. Jimillar bashin mota a ƙasar ta haura dala tiriliyan 1.6, kuma kamfanin Cox Automotive ya ƙiyasta cewa a 2024 kaɗai an ƙwace motoci kimanin miliyan 1.7, adadin da ba a ga irinsa ba tun 2009, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe. Dokar ciniki da jihohin ƙasar suka yi tarayya a kanta ta ba mai bin bashi damar ɗaukar motarsa da zarar an saɓa alkawarin biya, ba sai ya je gaban alƙali ba. Sharaɗin guda ne: kada a tayar da hankali. Ba fasa ƙofar gareji, ba barazana, ba kokawa. Shi ya sa aka fi son dare, aka fi son a tarar da motar a fili mai ita yana barci. Daga nan sai filin gwanjo, irin filayen da 'yan kasuwarmu ke sayo motocin da ke sauka Kwatano da Legas.

Banki ba ya zuwa da kansa. Ƙananan kamfanonin ƙwato motoci yake ba aikin, kuma galibi ba a biyan su sai sun kawo motar, 'yan ɗaruruwan daloli a kan kowace. A da wahalar aikin duka tana wajen nema ne. Mai bashi ya tashi daga gidan da ya rubuta a takarda, ko ya riƙa kwanar da motar a gidan ɗan'uwa. Sai a yi ta buga wa dangi waya, ana tambayar maƙwabta, ana yini a bakin ma'aikatarsa ana dako. Fasahar karanta lamba, wadda 'yan sandan Birtaniya suka ƙirƙiro tun 1976, ita ta zo ta sauƙaƙa wannan duka. Kuma a yi adalci: mai ba da bashi yana da haƙƙin dukiyarsa, neman mota da kyamara ya fi buga ƙofar mutane da tsakar dare aminci ga kowa, kuma asarar da banki ya yi a kan wanda ya gudu da mota masu biya a kan lokaci ne ke ɗaukar ta ta hanyar ƙarin kuɗin ruwa. Ba ni da ja a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Inda nake da ja shi ne tsarin da aka gina a kan wannan buƙata. Kamfanin da ya fi kowa girma a harkar shi ne Digital Recognition Network, wanda aka fi sani da DRN, mai hedikwata a Fort Worth ta jihar Teksas. DRN ba ya jan mota. Kyamarori yake sayar wa masu ƙwato motoci, su ɗaura a motocinsu, su sha mai da kuɗinsu, su yi ta zagaye. Duk abin da kyamarorin suka gani yana komawa rumbun DRN. Shi kuma yana ba su jerin motocin da bankuna ke nema a faɗin ƙasar, ta yadda wanda ke zagaye a wata jiha zai iya cin karo da motar da aka ci bashinta a wata jiha mai nisa. Mai janwe ya samu aiki, DRN ya samu hotuna, kuma hotunan sun fi aikin daraja.

Lissafin ne ke nuna haka. A 2014 rumbun yana ɗauke da hotunan lamba kimanin biliyan 1.8. A 2019 sun haura biliyan 9. A 2024 kamfanin da bakinsa yana maganar fiye da biliyan 15, ana ƙara sama da miliyan 250 kowane wata. Motocin da ke da rajista a Amurka gaba ɗaya ba su kai miliyan 300 ba, wato abin da ake ɗauka a wata guda ya kusa yawan motocin ƙasar. In aka tara na shekara aka raba da motocin da aka ƙwace, za a samu hoto wajen 1,700 a kan kowace mota ɗaya da aka ja, ko da an ƙaddara cewa duk ta hannun DRN aka gano su, alhali ba haka ba ne. Kamar masunci ne da aka aika ya kamo kifi ɗaya, ya jefa taru ya kwashe duk abin da ke kogin, ya miƙa ɗayan da aka aike shi, sauran kuma ya kafa musu kasuwa. Lokacin da Motorola Solutions ya sayi uwar kamfanin DRN a farkon 2019, dala miliyan 445 ya biya. Babu mai zuba irin wannan kuɗi don ladan jan mota.

Masu sayen suna da yawa. Bankuna na duba rumbun don su gane inda mai bashi ya koma tun kafin maganar ƙwace mota ta taso. Kamfanonin inshora na dubawa don su kama wanda ya ce motarsa a ƙauye take kwana, inda kuɗin inshora ke da sauƙi, alhali kullum a tsakiyar birni ake ganin ta. Masu bincike masu zaman kansu, waɗanda lauyoyi da ɗaiɗaikun mutane ke ɗauka haya, su ma suna da ƙofar shiga. Sannan ga 'yan sanda, ta hannun Vigilant Solutions, ɗan'uwan DRN da aka sayar da su tare. A ƙarshen 2017 hukumar shige da fice ta ICE ta ƙulla kwangilar dala miliyan 6.1 don shiga wannan rumbu, kuma takardun da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta fitar a 2019 sun nuna jami'anta fiye da 9,000 ne aka buɗe wa. Ashe direban da ya fita neman motar wani mai bashi, bai sani ba, ya taimaka wajen gano inda wani baƙon haure yake kwana.

A 2019 ɗan jarida Joseph Cox na Motherboard, wani shafin labaran fasaha, ya gwada abin a aikace. Wani mutum ya yarda a bi diddiginsa, aka ba wani mai bincike lambar motarsa kawai. Sakamakon ya fito a kan taswira: ga motar a ƙofar gidansa, ga ta a wasu unguwanni, ga ta har a wata jiha, kowane hoto da rana da lokacinsa, wasu an ɗauke su shekaru da suka wuce. Farashin bincike ɗaya a lokacin dala 20 ne. Da dala 70 kuwa za a sanar da kai duk lokacin da wata kyamara ta sake ganin motar. Mutumin ba a zarginsa da laifi, ba a neman motarsa. Laifinsa kawai ya ajiye mota inda kyamara ke wucewa.

Bayan shekara biyar mujallar WIRED ta tono wani ɓangaren da ya fi wannan ban tsoro. Manhajar ba ta san bambancin lambar mota da sauran rubutu ba, duk abin da ya yi kama da haruffa karantawa take. Wata mai zane, Julia Weist, wadda ta mallaki lasisin bincike a New York, ta nuna cewa za ka iya rubuta sunan ɗan takara a gurbin lamba, rumbun ya fito maka da hotunan allunan siyasa da mutane suka kafa a ƙofar gidajensu, da sitikar da suka manna a mota, har da rubutun jikin rigar mai wucewa, kowanne da inda aka ɗauke shi. Abin da aka fara don bashin mota ya zama hanyar sanin wane gida ke goyon bayan wa.

Kamfanin yana da amsa, kuma ya kamata a saurare ta da kyau domin ba ta banza ba ce. Ya ce lambar mota an yi ta ne don a gani, doka ce ma ta tilasta a liƙa ta a fili. Duk wanda ke tsaye a bakin titi yana da 'yancin ɗaukar hoton abin da idonsa ya gani. Sannan a rumbunsu babu suna, babu adireshin kowa, lamba ce da wuri da lokaci. Mai son haɗa lamba da suna sai ya je ofishin rajistar motoci, can kuma akwai dokar tarayya ta 1994 da ta taƙaita wanda za a ba. Dokar da kanta jini ne ya haife ta: a 1989 wani mutum da ya addabi 'yar wasan fim Rebecca Schaeffer ya biya mai bincike ya samo masa adireshinta daga ofishin rajistar Kalifoniya, ya je har ƙofar gidanta ya harbe ta.

Amsar ta gaza ta fuska biyu. Ta farko, dokar 1994 cike take da ƙofofi, kuma waɗanda aka bar wa ƙofofin, wato kamfanonin inshora da masu bincike masu lasisi da masu bin bashi, su ne dai abokan cinikin DRN. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, ba a buƙatar suna. Motar da ke kwana a ƙofa ɗaya kowane dare ta riga ta faɗi gidan mai ita. Wadda ake gani a farfajiyar ma'aikata ɗaya kowace safiya ta faɗi inda yake aiki. Kuma mai neman mutum da mugun nufi ya riga ya san suna, ya san lamba. Abin da ya rasa shi ne inda mutumin yake yanzu, wanda shi ne ainihin hajar da ke cikin rumbun. A tuna da matar da ta gudu daga mijin da ke dukanta, ta koma wani gari ta kama haya ba ta faɗa wa kowa ba. Lambar motarta a kansa take. Abin da ya rage masa shi ne ya samu mai bincike marar tsoron Allah.

Batun cewa kowa na iya gani kuwa, gaskiya ne amma rabi. Maƙwabcinka yana ganin ka fita, mai shago yana ganin ka wuce, mai gadin asibiti yana ganin ka shiga. Kowannensu guntu ya gani, gobe ya manta, kuma ba sa zama su haɗa abin da suka gani. Sirrin mai tafiya a titi a wannan mantuwa da wannan rarrabuwa yake. Rumbun da ba ya mantuwa, wanda ke haɗa guntayen wuri ɗaya, yana iya faɗin masallacin da mutum ke Juma'a, da asibitin da yake zuwa a ɓoye, da gidan da motarsa ta kwana wanda ba nasa ba, da taron da ya halarta. Musulmin Yamma sun ɗanɗana wannan. Kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo a 2011 da 2012 yadda 'yan sandan New York ke tattara lambobin motocin da aka ajiye kusa da masallatai. A Birmingham ta Ingila, a 2010, an kafa kyamarori kusan 200 a unguwannin Sparkbrook da Washwood Heath, inda Musulmi suka fi yawa, da kuɗin yaƙi da ta'addanci, sai da jama'a suka tashi tsaye aka tuge su. Waɗancan aikin hukuma ne, ana iya kai ƙara, ana iya kunyata su a majalisa. Wanda kamfani ya tara a sunan bin bashi ba shi da wannan linzamin.

Kuma kyamarar ba ta bin unguwanni daidai wa daida. Mai zagaye yana zuwa inda yake sa ran samu ne. Wasu kamfanonin ƙwato motoci sun faɗa wa 'yan jaridar Boston a 2014, ba ɓoye-ɓoye, cewa gidajen masu ƙaramin ƙarfi suka fi mayar da hankali a kai. Mai hali yana da gareji mai ƙofa, motarsa na kwana a rufe. Talaka a titi yake ajiyewa ko a farfajiyar gidan haya. Saboda haka tarihin zirga-zirgar talaka ya fi cika, ko da bai taɓa cin bashin kowa ba, kuma wannan cikakken tarihin ne 'yan sanda da ICE ke saya. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan duk unguwar ce ke jiƙewa.

Kotuna suna tafe a baya, suna ɗingishi. A 1983 Kotun Ƙoli ta ce mai tafiya a kan titin gwamnati ba shi da hujjar tsammanin sirri game da inda ya nufa. A 2012, a shari'ar Jones, ta ce liƙa wa mota na'urar bin sawu har kwana 28 bincike ne da kundin tsarin mulki ya shafa. A 2018, a shari'ar Carpenter, ta ce sai da izinin alƙali 'yan sanda za su karɓi tarihin wuraren da wayar mutum ta je, kuma a can bayanan kwana 127 ake magana. Hankalin kotun ya fara karkata ga cewa tarin ƙananan abubuwan da aka gani a fili yana iya zama babban sirri. Sai dai gwamnati kundin yake ɗaure wa hannu, bai ɗaure kamfani ba. Abin da ɗan sanda zai sha wahalar tarawa da kansa, sai ya biya kuɗin rajista ya duba. A wata shari'ar satar wasiƙu daga Las Vegas, hoton da ya kai jami'in gidan waya ga wanda ake zargi motar masu ƙwato bashi ce ta ɗauke shi. Da maganar ta je kotun ɗaukaka ƙara a 2020, sai ta kauce wa babbar tambayar, ta ce motar ta haya ce kuma wa'adinta ya wuce, don haka mutumin ba shi da bakin ƙorafi.

Jihohi kaɗan ne suka taɓuka. Utah ta hana kamfanoni wannan aiki a 2013, DRN da Vigilant suka maka ta kotu a 2014 suna cewa an tauye musu 'yancin faɗar albarkacin baki, majalisar jihar ta sassauta dokar, aka janye ƙara. Arkansas ta yi irin wannan doka, ita ma aka kai ta, amma kotu ta kori ƙarar a 2015, dokar ta ci gaba da aiki. Kalifoniya ta zaɓi tilasta wa masu rumbu su wallafa ƙa'idar amfani da bayanan su kuma rubuta wanda ya duba me. Galibin sauran dokokin a kan 'yan sanda suka tsaya, ba su taɓa kamfanoni ba.

Akwai kuma cutar da ke faɗa wa mai bashin kansa. Jerin motocin da ake nema mutane ne ke cika shi, kuma ana kuskure. Wani ya biya jiya ba a cire sunansa ba, wani an yi masa alkawarin ɗaga ƙafa amma ba a janye umarnin ba. Hukumar kare masu hulɗa da bankuna ta Amurka ta ja kunnen masu ba da bashi a kan wannan a 2022, kuma a ƙarshen shekarar ta ɗora wa bankin Wells Fargo biyan dala biliyan 3.7 a kan laifuffuka da suka haɗa da ƙwace motoci ba bisa ƙa'ida ba. A da, kwanakin da ake ɓatawa wajen nema suna ba da sararin gyara kuskure. Yanzu tsakanin kuskuren ma'aikacin banki da zuwan janwe bai wuce dare ɗaya ba, kuma wanda ya wayi gari ba mota yana iya rasa aikinsa kafin a ba shi haƙuri.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. A jihar New Hampshire doka ta ce lambar da na'urar ɗan sanda ta karanta, in ba ta dace da wadda ake nema ba, a goge ta cikin minti uku. Da za a ɗora wa masu ƙwato motoci wannan ƙa'ida, kwamfuta za ta ci gaba da ƙara in ta ga motar da ake nema, janwe zai ci gaba da zuwa, abin da zai mutu shi ne rumbun. Masu harkar za su ce tsohon tarihin ne ke da amfani, domin in an sa mota a jeri yau, shi ke nuna inda ta saba kwana a watan jiya, kuma in babu shi nema zai yi tsada, kuɗin ruwa ya hau. Na yarda zai yi tsada. Amma tsadar neman mai bashi a kan waɗanda suka ƙulla cinikin ya kamata ta faɗa. Mai karɓar bashi ana iya rubuta masa a yarjejeniya cewa za a sa wa motar na'urar bin sawu, ya karanta, ya sa hannu ko ya fasa. Maƙwabcinsa bai ga takardar ba, ba a tambaye shi ba, ba a rage masa ko kwabo ba, amma da zirga-zirgarsa ake biyan kuɗin neman.

Mu ma mun san irin wannan ta wata ƙofar. Manhajojin ba da rance a Najeriya sun riƙa kwashe lambobin wayar da ke cikin wayar mai bashi, suna aika wa dangi da abokan aikinsa saƙon cin mutunci, har hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci tarar ɗaya daga cikinsu naira miliyan 10 a 2021. Asalin cutar ɗaya ce: an jawo wanda ba ya cikin ciniki an mayar da bayanansa makamin karɓar bashi. Legas ta riga ta kafa kyamarorin karanta lamba tana aika wa masu mota tara ta waya, sayar da babura da Keke Napep a biya sannu a hankali tare da na'urar bin sawu ya zama ruwan dare, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Ranar da wani kamfani zai zo da tayin ɗaura kyamara a motocin haya don taimaka wa masu ba da bashi, hukumar kare bayanai ta fara tambayarsa minti nawa zai riƙe lambar wanda ba a nema, da kuma wa zai sayar wa.